Muryar da ta fito daga jitar surukina

Komai zan iya mantawa, amma ba zan taɓa mantawa da wata Laraba cikin takabata ba. (Rubuta duka, Hauwa, kar ki rage mini komai.)

Maigidana Malam ya rasu ina wajen suna a Rawayau. Da safen nan mun yi cacar baki, na fita ban dama masa fura ba. Na dawo Dutsin-Ma na tarar da shi a miƙe, ban nemi gafararsa ba. Har gobe abin na ci na.

Mijin 'yata, Sanusi, mai gyaran rediyo ne. Ya sassaƙa jita da hannunsa, ya roƙa a ara masa ɗakin Malam don kada mahaifinsa ya gani. Ya naɗe waya siririya kamar gashi a jikin maganaɗisu, ya liƙa ta da dalma ga wasu maɓallai na ƙara murya, ya ja zuwa lasifika. Ni duk ban san wannan ba, don ba ma haɗa ido da shi, balle hira.

Ran Larabar nan bayan azahar, gida ba kowa, sai na ji gurnani daga ɗakin. A ƙarƙashin gurnanin akwai muryar dattijo, can nesa, kamar daga rijiya. Na ɗaga labule, ba kowa, sai wani katako mai tsirkiya kwance a shimfiɗar Malam. Na miƙa hannu, gurnanin ya ƙaru. Na taɓa, ya yi tsit. Na janye, muryar ta dawo.

Na durƙusa ina kuka. Shekara arba'in ban taɓa kiran sunansa ba, ranar na kira. "Garba, ka yafe mini furar nan." Ban tsaya nan ba (ina ma na tsaya!). Na tuna masa daren da aka kai ni ɗakinsa, da sunan da yake raɗa mini, wanda ko ke ba zan faɗa wa ba.

Sai na ji tari daga bayan buhunan wake.

"Inna," in ji Sanusi, kansa a ƙasa, ƙusa a hannu, "waya ɗaya ce ban liƙa ba, shi ya sa take kamo gidan rediyo. Wa'azi ake yi."

Ashe ƙusarsa ce ta faɗi can, ya ji shigowata, kunya ta hana shi motsi. Da rarrafe na fita.

Washegari ya liƙa wayar, muryar ta ɗauke, na sake wani kukan. Wata uku yana gaishe ni ta bayan katanga.

Yanzu na gane mamaci addu'a yake so, ba hira ba. In kuwa hirar ta zama dole, a fara leƙa bayan buhu.