Tayar Motar Hajiya Mariyama

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na so in nuna wa surukata aikin Turai a bakin titin Kawukudi ba. (A lokacin ba ta zama surukata ba tukuna, kuma saura ƙiris ta ƙi zama.)

Ni mai facin taya ne. A shekarar nan na kamu da kallon wani tseren motoci na Turai a waya. Motocin kwance suke a ƙasa kamar ƙadangare, an ƙera su don tsere kawai, direbobi uku ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, su yi awa huɗu suna zagaye fili. An fara kakar daga Sifen, ana ta yawo ƙasa-ƙasa har ƙarshen shekara. Abokaina na kallon ƙwallo, ni ina kallon mutanen da ba wanda ya damu da su: masu canza taya. Mota ta shigo, ta ɗaga, kafin ka ce kwabo an cire tsofaffi an sa sababbi, ta fice. Na ce ashe sana'armu ma tana da manya.

Na ƙudura sai na iya. Duk tseren da aka yi sai in maimaita wurin canjin tayar har cajin waya ya ƙare, sannan in jawo wata tsohuwar ƙafar mota in yi ta ɗaurawa ina kwancewa. Hannuna ya yi kanta, maƙwabta suka fara gaishe ni da tausayi, ban fasa ba.

Matsalar ita ce Rabi, wadda nake nema. Mahaifiyarta, Hajiya Mariyama mai sayar da wake da shinkafa a unguwar Maamobi, ta hana a kai gaisuwa. Duk sanda ta wuce shagona sai ta gan ni na duƙufa kan waya, don haka ta yanke hukunci. Rabi ta kawo mini maganar uwar tata yadda take, da Hausarmu ta zango: "Mma ya ce ba za shi ba da 'ya ga mutum da aikinshi kallon waya ba." Abin ya yi mini zafi ƙwarai, domin ni a ganina karatu nake yi.

Ranar nan da hantsi sai ga trotro, motar haya ta fasinja, tana tafe tana ɗingishi, ta tsaya a gabana, tayar baya ta sace. Cike take da mata sun sha atamfa iri ɗaya, za su suna a Sabon Zongo. A kujerar gaba kuwa, Hajiya ce da kanta. Na ce a raina, yau Allah ya kai damo ga harawa.

Direban, wani dattijo Baba Seidu, ya sauko da safaya, wato tayar ajiya, ya ce, "Masta, yi hankali ka sa mana wanga, matan nan suna cin kaina."

"Baba, hankali na mutanen da ne," na ce da ƙarfi yadda Hajiya za ta ji. "Kowa ya tsaya ya kalla. Yadda ake yi a Turai za ku gani."

Matan suka sauka suka yi da'ira, masu kayan miya na gefe ma suka matso. Na kwanta na sa jak, na ɗaga. Notocin sun yi tsatsa (motar tsere noti ɗaya gare ta a tsakiya, trotro kuwa kamar an tara mata na gado), amma na hau sifana da ƙafa, suka bi. Na zare taya na jefar gefe, na juya, na cafko taya, na zura, na ɗaure. Gaskiya ban taɓa sauri irin na ranar ba. Wata mata har ta yi guɗa. Na miƙe na ɗaga hannu sama kamar yadda nake gani a waya, sannan na saki jak.

Motar ta sauka, ta ci gaba da sauka, har ƙarfen tayar ya zauna a kan kwalta.

Abin da na kasa lura da shi duk tsawon kakar nan shi ne, a wurin tseren wani mutum daban ke ɗauke tsohuwar taya ya yi nesa da ita. Ni na jefar da tawa kusa da safaya, kuma taya sacacciya in ba nauyi a kanta zagaye take kamar lafiyayya. Wadda na cire ita na mayar. Safayar Baba Seidu na nan jingine, ko taɓa ta ban yi ba.

Sai Hajiya ta ce a hankali, "To, a Turai ma haka suna tafiya, ko sai sun tura?"

Dariyar da aka yi har masu babur sun tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma lungun bayan shagona a buɗe yake. Amma na san in na gudu, na gudu daga Rabi ke nan. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri." Na sake sa jak. Wannan karon na mirgina sacacciyar har cikin shago, na sa safaya, na bi noti ɗaya bayan ɗaya, ana ta yi mini waƙa a ka. Da na gama, na tsaya na face ta farkon ma don kada su tafi ba safaya.

Bayan sati Rabi ta zo tana danne dariya. "Mma ya ce a kawo goro. Ya ce mutum da aka yi mishi dariya haka bai gudu ba, zai iya zaman aure."

Har yau ina kallon tseren, har yau kuma Hajiya ba ta kirana da sunana, sai "Ɗan Turai". Na koyi cewa kafin ka kwaikwayi saurin mutane, ka fara ƙirga hannun da ke taya su. Ranar ɗaurin aurenmu, da za a ɗauki amarya, sai da Hajiya ta zagaya motar tana taka kowace taya da ƙafa, tana kallona.