Ɗigon Da Na Ɗauka Kashin Ƙuda Ne

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na kusa hallaka surukina da hannuna ba, kuma ina yi ina murmushi.

Ni dai shagon taki da maganin feshi nake da shi a Kura. Manoman shinkafa da tumatir kullum suna kawo mini kwalba in karanta musu ma'auni, wannan ya sa kaina ya kumbura, har na fara jin kaina rabin likita. Surukina kuwa, Baba Malam, malamin Ƙur'ani ne a wani ƙauye gefen Bunkure, yana noman shinkafarsa a bakin kanal na ban-ruwa. Ya daɗe da hawan jini. Likita ya ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya mai lamba biyar, guda ɗaya kullum.

Wata rana matata Hadiza ta ce maganin Baba ya kusa ƙarewa, kuma tsadarsa ta fara isar su. Nan take na ga dama ta samu. (Shekara da shekaru ina neman abin da zan burge mutumin nan da shi, ban samu ba.) Na ce mata, "Ku bar wahalar da kanku. Magungunan nan duk daga waje ake kawo su. Can a gindinsu kusan kyauta ne."

Ina da aboki, Sabi'u, mai zuwa Misra saro abaya da takalma. Na kira shi na faɗa masa sunan maganin a waya. Ban tura masa takardar likita ba, ban ma faɗi lambar ba, shi ma bai tambaya ba.

Da ya dawo sai ya miƙo mini wata leda. Ya zubar da kwalayen don kada su ci masa wuri a jaka, ya yayyanka katin ƙwayoyin ƙanana-ƙanana, duk rubutun jiki ya tafi. Abin da ya rage kawai wata 'yar takarda ce da mai shagon can ya rubuta da biro, da Larabci. Ni kuwa Larabcina tun ina ƙaramin yaro muka raba gari, don ranar da na shiga sakandare na yi sallama da Islamiyya. Amma lamba ai lamba ce. Na ga sanda ɗaya a tsaye, na ce wannan ɗaya ce. A gefenta akwai wani ɗan ɗigo, har na sa farce na kankare shi, don na ɗauka kashin ƙuda ne. Bai fita ba, na ƙyale shi.

Lissafi ya fito sarai: Baba biyar yake sha, wannan ɗaya-ɗaya ce, saboda haka guda biyar zai riƙa haɗiya. Har na yaba wa kaina.

Na sa sabuwar shadda na hau babur. Na tarar da shi a zaure bayan la'asar, manyan ɗalibansa magidanta sun kewaye shi da littattafai. Mai hankali zai aika da ledar cikin gida. Ni kuwa so nake a gani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga magani na sa an kawo maka daga Misra."

"Daga Misra? Ikon Allah! Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ɗalibai suka amsa da amin. Daɗi ya kashe ni. Baba ya ce yau ma bai sha ba, nasa ya ƙare jiya, a kawo ruwa. Na ɓallo guda biyar na zuba masa a tafin hannu, ina bayani da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Nasu na can ba shi da nauyi kamar namu, sai an haɗa biyar." Garin ɗaure leda takardar nan ta faɗi ƙasa kusa da takalma. Na gani, ban damu ba.

Baba Malam ya ɗaga hannu, ya yi bisimilla, ƙwayoyin sun kusa baki. Sai idonsa ya sauka a ƙasa. Ya tsaya.

"Subhanallahi. Ba a barin rubutun Larabci a ƙasa. Ɗauko mini."

Ya ajiye ƙwayoyin a kan buzu, ya karkaɗe takardar, ya sa tabarau. Ya duba ta, ya dube ni, ya sake duba ta.

"Ɗana, ka ce ɗaya ce?"

"Ɗaya ce, Baba."

"To, wannan ɗigon fa?"

"Ai datti ne, Baba. Na ma kankare, ya ƙi fita."

Wani daga cikin ɗaliban ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa na rawa. Baba Malam bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "A Larabci ɗigo shi ne sifili. Wannan goma ce. Ko shafin Ƙur'ani ka buɗe haka za ka gani."

Na lissafa a zuci: goma sau biyar. Ninki goma na abin da likita ya ce, a lokaci guda, ga dattijo. Wallahi ba kunya ce ta fara kama ni ba, tsoro ne. Hadiza na gani a idona, da abin da zan gaya mata. Kunyar daga baya ta iso, kuma ta zo da ƙarfinta.

Na ce, "Baba, ka yafe ni."

Ya ce, "Niyyarka mai kyau ce. Karatun ne da saura."

A ranar na ɗauki ledar na kai wa mai kemis ɗin da suka saba saye a Kura. Ya juya katin ya ce ba suna, ba ranar lalacewa, ba lambar hukuma, shi kansa ba zai iya rantsewa maganin hawan jini ne ba. Ko an raba ƙwayar biyu, bai yarda a sha ba. Na sayi na ainihi da takardar likita, ban nemi ragi ba, na koma na miƙa ta hannun Hadiza, don ƙafata ta ƙi shiga zauren.

Baba Malam yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Bana ma shi ya tsaya a kan yankan shinkafarsa. Duk lokacin da na hango shi a bakin kanal sai in ji wani sanyi a raina. Ɗalibansa dai har yau Malam Ɗigo suke ce mini, ina amsawa, don na san da Allah bai kiyaye ba, da sunan ya fi wannan muni.

Yanzu ko tsutsa ce ta kama tumatir, sai na karanta kwalba sau biyu. Maganin mutum kuwa na bar wa masu shi. Kuma na koma makarantar asuba a zauren nan, ina zaune a sahun baya. Ranar farko Baba Malam bai ba ni fatiha ba, lambobi ya fara ɗora mini.