Nomau da Neman Sabara

A ƙauyen Dogon Marke akwai wani gida mai mutum biyu: Inna Tasalla, wadda ta shekara arba'in tana dafa wa masu jego ganyen sabara, da ɗanta Nomau, wanda Allah ya ba ƙarfi ya rage masa sauran. Da ciwon gwiwa ya zaunar da Inna, daji ya yi mata nisa, ga mata suna ta haihuwa. Abin ya dame ta ƙwarai, don ba ta son sana'arta ta riga ta mutuwa. Dole ta koma aiken Nomau.

Wata rana ta kwatanta masa sabara, ta ce ganyenta fari-fari ne kamar an barbaɗa masa toka. Gogan naka bai wahalar da kansa ba. Ya zagaya juji inda ake zubar da toka, ya yago ganyen tumfafiya ya kawo, har yana kaffa-kaffa kada tokar ta zube. Inna ta yi masa sannu da ƙoƙari.

Wata rana kuma ta ce ya duba 'ya'yan, na sabara gashi gare su. Nomau ya yini a daji, ya dawo da ƙwarya cike da tsutsotsi masu gashi, hannunsa ya yi luhu-luhu da borin jini. Ya ba ta haƙuri, wai uwayen ne bai samu ba.

Wata rana sai ya kawo geza, ya rantse sabara ce. Nan haƙurin Inna ya ƙare.

"Je ka ɗauko min dajin gaba ɗaya, in zaɓa da kaina," in ji ta.

"To, Inna."

Ya ɗauki gatari da magirbi, ya ari jakin maƙwabci. Kwana tara yana haƙo kowane ƙaramin itace da saiwarsa, sabara da geza da kalgo da waɗanda ba a tambaye shi ba, yana dasawa a bayan gida don kada dajin ya bushe kafin Inna ta zaɓa. Masu hankalin gari suka samu abin hira a bakin masallaci. Suna tambayarsa yaushe zai kawo kurayen, shi kuwa ya ce sai ya gama da itatuwa.

Kafin damina ta zagayo, wani attajiri daga birni ya sayi dajin, motar noma ta share shi fes. Mai neman sabara sai ya yi tafiyar yini. Amma a Dogon Marke, Inna Tasalla takan dogara sanda taku goma, ta tsinko abinta a bayan ɗaki. Ranar farko da ta yi haka sai da ta yi hawaye.

Masu dariyar nan su ne yanzu ke sallama a ƙofar gida, matansu sun haihu, a taimaka musu da ganye. Nomau yakan kai su bayan gida ya ce su zaɓa da kansu, sai su tsaya suna sosa ƙeya, su ma ashe ba su san ta ba. Shi dai har yau bai gane sabara ba, shi ya sa duk itatuwan yake ba ruwa.