Yadda Muka Cinye Hanyarmu da Miyar Kifi

Yau da safe waya mai ƙaya ta yage mini riga daga aljihu har ƙasa. Ban ga laifin wayar ba. Tana nan inda aka kafa ta, tana yin aikin da aka sayo ta dominsa, abin da ba zan iya faɗa a kan mutane da yawa masu albashi ba. Ƙafata ce ta manta cewa hanyar da ta saba bi ta gajarce. Rigar kuwa tana cikin waɗanda matata marigayiya Ummu Hani ta zaɓa mini yadinsu, telan da ya ɗinka ta ma ya bi ta, don haka babu wanda zan kai wa kuka sai ku.

Ga wanda bai san wurin ba, a bayan Nassarawa, nan Birnin Kebbi, akwai wata turba da ke tashi daga wani tsohon kwalbati, ta ratsa inuwar dogon yaro da giginya, ta gangara har bakin fadama inda ake hango shinkafa. Mota ba ta shiga, 'yan kabu-kabu ba sa son ta saboda saiwoyi. Shi ya sa ta zama ta waɗanda likita ya ce su zaɓa tsakanin tafiya da wasiyya: masu hawan jini, masu ciwon suga, mata masu tsohon ciki, da irina waɗanda ba su da abokin magana a gida. A hankali shara ta cinye ta. Ledar ruwa, gashin kaji, fasassun kwalabe, har da wata katifa da ta daɗe a wurin har ana kwatance da ita.

Mun je ofisoshi, kada a ce ba mu je ba. Masu kula da shara suka ce wannan hanya ce, a ga masu hanya. Masu hanya suka ce abin da mota ba ta bi ba hanya ba ne, a ga masu shaƙatawa. Na shaƙatawa ya karɓe mu da fara'a, ya ce a tsarinsu babu tanadi don tafiyar ƙasa, tunda abu ne da talaka ke yi ba tare da an taimaka masa ba. Na yaba da hankalinsa. Na daɗe ina karatu, ban taɓa jin an taƙaita mulki a jimla ɗaya haka ba.

Da an bar ni, da maganar ta tsaya nan. Abin da ya tayar da ita shi ne maƙwabcina Olatunji, wanda unguwa ke kira Baba Tunji. Ya zo daga Ogbomosho yana saurayi, ya tsufa yana sayar da kayan gyaran injin ban ruwa, manoman Zauro sun san shagonsa fiye da yadda suka san asibiti. A ranin da ya wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita ya ce magani ɗaya ya rage, ya riƙa takawa kullum. Ya gwada bakin titi, ɗan kabu-kabu ya tura shi cikin kwata, ya ba shi haƙuri daga nesa. 'Ya'yansa da ke kudu suka yanke hukunci: idan damina ta faɗi bai iya tafiya da kansa ba, za su zo da mota su kwashe shi da matarsa Dupe.

Ya ce mini, "Malam, can wa ni sani? Abokaina duk nan anka binne su. In sunka kai ni, kujera za su aza ni bakin taga in riƙa kallon mutanen da ban san ubanninsu ba."

Wadda ta ɗauki maganar ita ce Laure, ƙanwar marigayiya, mai turara shinkafa, wadda tun ranar da na auri yayarta ba ta taɓa ganin na yi abu daidai ba. Ta shigo gidana ba sallamar kirki.

"Mijin Yaya, Asabar za mu share hanyag ga. Ka aje littahi ka ɗauko shebur."

Na ce gwiwata ba ta da lafiya.

"Bakinka hwa? Shi lahiya lau. Ka zo ka riƙa zagin sharar, ƙila ta tashi da kanta."

Ranar Asabar mutane suka fito fiye da yadda na zata. Mata da tsintsiya, manoma da fartanya da manjagara, wani ya kawo amalanke. Dupe ta kawo Baba Tunji ta zaunar da shi a kujera, yana nuna wa mutane inda suka bari da sandarsa. Laure ta raba wuri, ta ba kowa inuwa, ni ta ba ni bakin kwalbati, inda wari ya fi ƙarfi. Ta ce halina da wurin sun dace. Ban yi musu ba, don na fi son aiki inda ba a hira.

Da rana ta take, sai ga mota ta tsaya. Wani dattijo mai suna Hammadu ya fito, rigarsa da sitaci, muryarsa da mai. Shi ne na hannun daman wani babba da ba zan ambata ba, mu dai kira shi Inuwar Talaka, tunda haka yake son a ce. Hammadu ya ce Ranka-Ya-Daɗe ya ji labarin ƙoƙarin jama'a, idonsa ya kawo ruwa, ya aiko da ɗan abin taɓawa. Ɗan abin taɓawar tukwane ne na tuwon shinkafa, da miyar giwan ruwa da aka ɗauko daga Argungu da safen nan. Aka wuce da su can ƙarshen hanya, bakin fadama, inda iska ke kaɗawa.

Ina so a rubuta gaskiya a nan, domin yanzu ana ba da labarin wai na ƙi ci saboda aƙida. Na ji ƙamshin tun daga kwalbati. Na jingine shebur, na wanke hannu, na kama hanya da gwiwar da na gaya muku. Kafin in isa, tukwane sun koma kamar an fito da su daga shago. Na tarar da Laure tana sakace, Baba Tunji yana siɗar hannunsa mai lafiya. Wata mata ta miƙo mini ƙashin kai, ta duba, ta ga akwai sauran ido a jiki, ta fasa. Na koma bakin kwalbatina da yunwa da ra'ayi mara kyau game da ɗan Adam.

Hanya ta yi kyau, wannan ba a musu. Ta yi kyawun da duk mai wucewa ya ga ashe fili ne mai inuwa, mai kallon ruwa, kusa da gari. Shekara da shekaru shara na gadin wurin nan ba albashi, mu muka sallame ta. Ba a jima ba wasu suka zo da igiyar awo. Bayansu turaku, bayan turaku waya, bayan waya allo mai cewa nan za a gina wurin hutawa na zamani don amfanin al'umma, kada kowa ya shiga.

Muka kai ƙara, aka haɗa mu zaman sasanci a wani ofishi mai fanka ɗaya da ke kallon shugaban zaman kaɗai. Na tafi da shirina. Na kwana biyu ina duba abin da doka ta ce a kan filin jama'a. Hammadu bai zo da doka ba, tambaya ya zo da ita.

"Jama'a, a ƙasag ga tamu, tun kakanni, in anka yi gayya, wa ka ciyar da masu aiki?"

Wani manomi ya amsa tun kafin in taka masa ƙafa. "Mai gona."

"Madalla. To ran Asabar ɗin nan wa ya ciyar da ku?"

Hammadu ya juya wajen Laure.

"Inna Laure, kin ci?"

"Na ɗanɗana."

"An ga kwano ƙarƙashin mayahinki."

"Na jikoki na."

"Allah shi raya su. Baba Tunji?"

Baba Tunji ya dubi ƙasa. "Kihin ya yi daɗi," in ji shi. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, shi ya sa bai yi arziki ba.

Na miƙe na ce, ranka ya daɗe, na karanta abin da na karanta, ban ga inda aka ce tuwo takardar fili ba ne. Shugaban zaman ya ce takarda ba matsala ba ce, ta riga ta fito, tana cikin durowa. Ana bin al'ada ne kawai don a mutunta mu. Na gode masa. A wasu wuraren ana ƙwace abu ba a ko tambayi mutum ya ƙoshi ba.

Laure ce ta daka tsalle. Ta nuna ni da yatsa kamar ta kama ɓarawo.

"Wanga bai ci ba. Ku dube shi, ya yi kama da wanda ya ci? In mu gayya munka yi, shi aikin Allah ya yi. Inda ya share ba gonar kowa ba ta."

Hammadu ya tarar da maganarsa ce ta juyo ta tare masa gaba. Shugaban zaman, wanda ke son a ce ya yi adalci in dai bai fi ƙarfin aljihunsa ba, ya tambayi ina ne na share. Da aka ce bakin kwalbati, inda ruwa ke ci duk damina, sai fuskarsa ta saki. Ya yanke cewa daga kwalbati zuwa inda sheburina ya tsaya na jama'a ne, muddin ban ci abincin gayyar ba.

Abin da ya rage mana ke nan. Tsawonsa bai fi a shimfiɗa tabarmin ɗaurin aure ba. Kowace safiya za ka ga masu hawan jini sun yi layi suna kai da komo a kai kamar masu jiran sakamako a asibiti. Babu wanda ya gode mini. Abin da nake ji shi ne, "Malam, da ka ƙara himma da mun kai giginyar can." Baba Tunji yana zuwa da sanda a hannu ɗaya, Dupe a ɗayan, ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa.

To yau, bayan na dawo da yagaggiyar riga, ina zaune ina jiƙa garin kwaki, wanda shi ne abincin ranata tun da aka bar ni da murhu, sai na ji sallama. Hammadu ne, da kula a hannu. Ya ce labari ya kai wa Inuwar Talaka cewa ranar nan abinci bai iso gare ni ba, ransa ya ɓaci, ya ce ba a yi wa malami haka. Ga rabona. Ya ajiye, ya buɗe murfin don kada in yi zaton wasa ne, ya koma zaure ya zauna yana danna waya, wai yana jiran kula.

Tsakiyar giwan ruwa ce, inda ba ƙaya. Man ya taso ya yi ja a gefe. Na san abin da ake nufi, ban tsufa a banza ba: loma ɗaya, kwalbati ya tafi. Na kuma san rabona da irin wannan miya tun Ummu Hani na da rai. Na yi wa kaina bayani cewa shaƙa ba ci ba ne. Na matso da kular don in shaƙa da kyau. Na lura hannuna ya wanku, ban san lokacin da na wanke shi ba.

Sai na ji ana jan ƙafa a zaure, ana numfashi kamar injin da ya sha iska. Baba Tunji ne ya dafa bakin ƙofa, zufa har gemu. Ba sanda, ba Dupe. Daga shagonsa ya hango kula ta shiga gidana, ya tashi, ya tsallaka titi, ya bi layinmu mai ramuka har tsakar gidana.

"Malam," in ji shi, "aje hannunka inda ni ka ganin shi."

Na ce ina duba ingancin man ne.

"Rufe."

Na rufe. Dupe ta shigo a guje da sandar a hannunta, Laure na biye da ita da ludayi. Dupe ta dubi mijinta a tsaye, ta dubi sandar, ta zauna a kan turmina ta rufe fuska da gyale. Daga nan ta ciro waya ta kira babban ɗansu, ta yi masa Yarbanci mai tsawo. Abin da na tsinta a ciki shi ne sunan mota, da kalmar da ko ban iya yaren ba na san a'a ce.

Laure ta ɗauki kular ta kai wa Hammadu a zaure, ta ce a gaya wa Ranka-Ya-Daɗe an gode, Malam ya ƙoshi. Ta dawo ta leƙa kwanon garina, ta ce daga yau ita za ta riƙa aiko mini da tuwo, ba don ni ba, don hanya. Na san tuwon Laure. An hukunta ni ke nan a kan laifin da ban samu aikatawa ba.

Ina roƙon masu karatu kada wannan labari ya kai kunnen Inuwar Talaka. Idan ya ji kifinsa ya tayar da mai shanyewar jiki, kafin Juma'a za a kafa allo a ƙofar gidana a ce asibiti ne ya gina.