Jirgina Ya Faɗi a Zauren Baba Sajan

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da yadda na zama matuƙin jirgin yaƙi na wajen awa guda a garin Ƙofa, alhali ko jirgin fasinja ban taɓa leƙa cikinsa ba. (Gaskiyar magana, abu mafi tsawo da na taɓa hawa a rayuwata shi ne rumbun kakana.)

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare a Kiru. Ba na kallon ƙwallo, ba na zaman majalisa sosai. Abin da ya kama ni shi ne wani wasan kwamfuta na yaƙin jiragen sama, wanda ake shiga ta intanet a fafata da mutanen da ba ka san ko a wace ƙasa suke ba. Har sandar tuƙi na sayo, ta hannu, a Kano. Yawancin masu wasan manyan jirage suke ɗauka, masu ganin abokin gaba tun daga nesa. Ni kuwa na maƙale wa wani ɗan siririn jirgi, irin wanda manyan ƙasashe suke ƙerawa don su sayar wa ƙasashen da aljihunsu bai kai ba. Injinansa biyu ne ƙanana, makamai masu linzami biyu kacal a bakin fukafukai, tankin mansa kuwa kamar na babur. Amma in ya juya a sama, sai ka rantse ɗan achaɓa ne ya samu lungu a ranar kasuwa. Ina son jirgin nan ƙwarai, na haddace komai nasa, har da abin da ba a tambaye ni ba.

A lokacin ina neman Saratu, wata malamar firamare ’yar Ƙofa. Ta san wasan sarai, har tsokanata take yi da shi. Wata rana da yamma na kira ta, ashe tana tsintar shinkafa ta sa wayar a sifika. Ni kuma na buɗe baki na ce, “Yau Allah ne ya kuɓutar da ni. Jirage biyu na kakkaɓo, na dawo da ɗigon mai a tanki.” Ta yi dariya ta ce Allah ya ƙara nasara. Abin da ba mu lura da shi ba, gwaggonta, Gwaggo Ladi, tana zaune a bayanta tana jan carbi da kunnuwa a buɗe.

Mahaifin Saratu ya rasu, don haka waliyyinta wan mahaifinta ne, wani dattijo da kowa ke kira Baba Sajan. Abin da kawai na sani game da shi, tsohon soja ne, kuma ya tsani ƙarya. Ya taɓa sallamar wani manemin ’yarsa saboda ya ce shagon da yake tsaro nasa ne, ashe na yayansa ne. Ban taɓa tambaya ko wane irin soja ba ne. (Da na tambaya, da yau ba ni da labarin ba ku.)

Ranar wata Asabar, cikin damina, masara ta fara goyo, ni da abokina Nasiru muka hau babur muka tafi gaishe shi. Aka fara shiga da mu cikin gida gaida mata. Muna durƙusawa Gwaggo Ladi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Masha Allah! Ashe kai ne mai tuƙa jirgin yaƙin? Amma ko a fuska ba ka nuna ba.”

Jama’a, kalma biyu ce za ta fitar da ni: wasa ne. Amma matan gidan duk sun zuba mini ido, wata har ta ajiye taɓarya, ni kuma tun da nake ba a taɓa kallona haka ba. Sai na sunkuyar da kai irin na masu tawali’u na ce, “To, Gwaggo, ana dai taɓawa.”

Nasiru, Allah ya shirye shi, ya ƙara da cewa, “Ai Gwaggo, ƙwararre ne.”

Kafin mu fito zaure labari ya riga mu. Baba Sajan yana zaune a kan buzu, dogo, baƙi, da farin gemu, hannuwansa manya duk tabo. Muka gaisa, ya tambayi iyayena da damina da ɗalibai. Aka kawo fura. Sai ya gyara zama.

“An ce mini bayan koyarwa kana tashi sama. Wane iri kake tuƙawa, ɗana?”

Na ce a raina tsoho ne, in faɗa masa biyu-uku ya bar maganar. Na ce, “Ƙarami ne, Baba. Mai inji biyu, siririn hanci.”

Ya ajiye ludayi. “Mai lema a gindin wutsiya? Wadda ake saki in an sauka?”

Na ce, “Shi, Baba.”

“Allahu Akbar!” Ya buga cinyarsa. “Shekara ashirin da shida ina kwance a ƙarƙashin cikin jirgin nan! Ni makaniken jirgin sama ne, yaro. Babu ƙusar da ban taɓa ba a jikinsa.” Ya leƙa waje ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira: “Malam Idi! Zo ka ga surukin da Allah ya kawo mini!”

Malam Idi ya shigo, wasu dattawa biyu suka biyo shi. Aka ƙara tabarma.

Abin kunyar shi ne, na ci jarrabawar farko. Ya tambaye ni gudun da ake sauka da shi, na faɗa. Ya tambaye ni me ake yi in inji ɗaya ya mutu a sama, na zayyano. Ya ce ya halinsa in an juya shi da ƙarfi, na ce yana karkarwa kafin ya ƙwace, ya ce wallahi haka matuƙan suke faɗa. Duk amsar da na bayar sai ya waiwayi dattawan ya ce, “Kun ji ko?” Idonsa har ya kawo ruwa. Ni kuma gumi yana bin bayana, amma bakina ya ƙi tsayawa. (Akwai wani irin daɗi a ce mutum ya haddace abu shekara uku, sai yau ya samu mai tambayarsa.)

Sai ya matso kusa, ya sassauta murya kamar mai tambayar lafiyar ɗan’uwa.

“To wa yake duba maka shi kafin ka tashi? Wa ke cire maka tsani? Faɗa mini sunan makanikenka, wataƙila yarona ne, ni na koya masa.”

A wasan babu makanike. Kana danna maɓalli jirgi ya fito sabo fil, ko da minti ɗaya da ya wuce ka kife da shi a kan dutse. Sunaye suka riƙa zuwa bakina: Garba, Sule, Audu. Kowanne zan iya jefawa. Na dubi Nasiru, na tarar ya ɗaga kai yana nazarin azarar zaure kamar shi aka ba kwangilar gyaranta. Na dubi tsohon, ya riga ya ciro ’yar wayarsa yana jira in faɗi suna ya nemo lamba.

Na ce, “Baba… a kwamfuta ne.”

“A ina?”

“A kwamfuta, Baba. Wasa ne. Ina zaune a ɗakina nake yi.”

Malam Idi ne ya fara magana, a hankali, kamar mai jajanta rasuwa: “To jirage biyun da aka ce ka kakkaɓo fa?”

“Su ma a ciki suke, Baba.”

Baba Sajan ya mayar da wayarsa aljihu. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, “Ranar Juma’a bayan la’asar ka zo mini da jirgin. Kai kaɗai.”

A hanyar komawa Kiru, Nasiru sai ƙunshe dariya yake a bayana. Da na kira Saratu, ta fara da dariya, ta ƙare da kuka. Ta ce, “Malam, me ya hana ka cewa wasa ne tun a gaban Gwaggo? Ka san halin Baba. In ya ce a’a, wallahi babu mai tanƙwara shi.” Kwana shida ina koyarwa kamar wanda aka yi wa duka, in an tashi kuma in zauna a ofis in yi ta atisaye, don a tunanina in na nuna ƙwarewa wataƙila a rage mini hukunci.

Ranar Juma’a na cika kwamfuta da caji da wutar sola ta makaranta, na ɗaure ta a bayan babur na tafi. Ni kaɗai aka ce in zo, amma ba a ce shi kaɗai zan tarar ba. Zaure ya cika da dattawa, mata kuma suna leƙe ta ƙofar cikin gida. Aka kifa turmi, na ɗora kwamfutar, na jona sandar tuƙi.

Da jirgin ya fito a kan titinsa, Baba Sajan ya sa tabarau ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin. Ya ce, “Shi ne. Wallahi shi ne.”

Na tashi lafiya. Na yi sama, na wuntsila, dattawa suka yi salati. Na saka abokin gaba ɗaya na kwamfuta, na bi bayansa, na sakar masa makami, ya kama da wuta. Wani ya ce, “Kai, yaron nan!” Nan take kaina ya sake kumbura. (Kun ga dai ban yi hankali ba.) Na juyo zan sauka, ina yi ina bayani, ina waiwayen jama’a kamar mai gabatar da lacca.

Baba Sajan ya ce, “Tayoyi.”

Na ce, “Na’am, Baba, yanzu za ku ga yadda ake daidaita hanci…”

“Tayoyi, Malam.”

“Sai a rage wuta a hankali…”

“TAYOYI!”

Ban fito da tayoyin sauka ba. Abin da ban taɓa mantawa da shi ba ko sau ɗaya a ɗakina, shi na manta a gaban mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana gyaran tayoyin nan. Jirgin ya daki titi da cikinsa, ya ja tartsatsi, fiffike ɗaya ya fita, wuta ta cika fuskar kwamfutar. Daga cikin gida na ji muryar Gwaggo Ladi: “Innalillahi! Ya mutu ke nan?”

Malam Idi ya amsa mata, “Ya mutu, Ladi. Ga shi nan zaune.”

Dariyar da aka yi a zauren nan, na tabbata an ji ta a bakin titi. Na so ƙasa ta tsage. Na fara naɗe wayar sandar tuƙi, a raina na riga na yi bankwana da Saratu.

Baba Sajan kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ce, “Dawo da shi. Akwai wani?” Na ce akwai. Ya miƙo hannu. “Ba ni sandar.”

Ya zauna a gaban turmin. Kafin ya taɓa komai sai da ya bi agogunan gaban jirgin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana kiran sunan kowanne a hankali. Sannan ya ce, ba tare da ya dube mu ba, “Shekarun nan duka, ni nake cire musu tsani, in sara musu, su tashi su bar ni a ƙasa ina toshe kunne. Ko sau ɗaya ban taɓa ganin abin da suke gani ba.”

Babu wanda ya sake dariya. Na nuna masa inda zai tura, jirgin ya ruga, ya ɗaga. Jirgin yana tangaɗi, amma ya hau har ya huda gajimare. Na ce ko in sako masa abokin gaba, ya girgiza kai. Bai harbi kowa ba. Tafiya kawai ya yi ta yi a saman gajimaren, shiru, har fitilar mai ta kama. Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga, ya miƙo mini sandar.

“Saukar mini da shi. Ni zan riƙa faɗa, kai kana yi.”

Ya faɗa, na yi, muka sauka lafiya, har da lema.

Da jama’a suka watse don shirin magariba, ya tsayar da ni. Ya ce, “Ranar Asabar na ga sunan ƙarya ya zo har bakinka, ka haɗiye shi. Da ka furta, da yau ba ka zauna a tabarmar nan ba. Malamin makaranta ya ishe ni suruki. Ka turo manyanka.” Na durƙusa ina godiya. Ya ƙara da cewa, “Kuma duk Juma’a ka zo da jirgin.”

Yanzu ’ya’yanmu biyu da Saratu. Baba Sajan ya fi ni iya sauka, kuma har yau bai yarda ya harbi kowa ba. Abin da na koya kuwa shi ne, in aka yi maka ƙarin girman da ba naka ba, ka mayar da shi nan take tun mutum ɗaya ne ya ji, domin in ka bari aka ƙara tabarma, a gaban kowa za ka mayar, kuma da suna za ka fito. Ni nawa sunan ya bi ni har Kiru. In na wuce a babur, sai in ji ɗalibai daga bayan katanga: “Malam, tayoyi!” Ni kuma, Allah ya sani, har yau sai na leƙa ƙasa.