Numfashi Uku a Ƙofar Aji

Ba zan taɓa mantawa da jan tef ɗin nan ba. Shi na fara gani ranar da aka buɗe makaranta bayan kullen korona: an manna shi a ƙasa tun daga get har ƙofar ajinmu, kowa da inda zai tsaya, gefe ɗaya ya ɗago ya kwashi ƙura. Da na ci gaba da kallon tef ɗin na wuce abina, da yanzu ba wanda ya san sunana a makarantar nan, wanda kuma shi ne burina tun da muka zo Kuala Lumpur.

Laifin Cikgu Farah ne (haka muke kiran malamai a nan, cikgu). Lokacin da muke karatu ta waya ta ce zaman gida ya sa duk mun birkice, don haka kowa ya ɗauki al'ada ɗaya ta wasu mutane mai koya nutsuwa, ya gwada. Ta ba mu labarin Japanawa da suke shan shayi a hankali kamar ba su da wurin zuwa, da Indiyawa masu zane da garin shinkafa a bakin ƙofa da safe, da Yahudawa da suke maƙala ɗan ƙaramin akwati mai rubutun addininsu a jikin ƙofa, in za su shiga su taɓa, su tuna da Ubangiji.

Shayi dai Mama ba za ta jira ni ba. Garin shinkafa kuwa ko tambaya ban yi ba. Sai na ɗauki ta ƙofa, na gyara ta daidai ni: in dafa katako, in rufe ido, in ja numfashi uku, ba magana sai na gama.

Kuma wallahi ta yi aiki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A gidanmu na Pantai Dalam na fara jin ƙarar jirgin ƙasa tun yana nesa, na gane ƙofar kicin tana warin albasa ko da an goge. Na daina yi wa ƙanwata tsawa. Hannuna ya saba, ba ya neman izinina.

To ranar nan na iso ƙofar aji, mutum goma suna bayana a layi. Na dafa. Na rufe ido. Na ja numfashi na farko, takunkumina ya shige baki ya fito.

"Ke! Lafiya?"

Malamar horo ce, da na'urar auna zafi a hannunta. Ni kuma ina kan na biyu, ba a magana. Sai na ɗaga mata yatsa ɗaya, wai ta ɗan jira. (Daga baya aka ce min kamar mai neman agaji na yi.) Da na buɗe ido, layin nan ya watse, kowa ya manne da bango.

"Tun yaushe kike wannan numfashin?"

Na faɗi gaskiya, murya can ƙasa: "Sati biyu, cikgu."

"Sati biyu! A gida ma?"

"Duk ƙofar da na zo."

Na san a nan ya kamata in yi bayani. Amma ina, idanu ashirin suna kaina. Aka kai ni ɗakin killacewa, aka fitar da 'yan ajinmu fili cikin rana, wani mutum ya zo yana fesa wa ƙofar magani tun daga sama har ƙasa. Aka zura min tsinken gwaji a hanci har na yi hawaye. Babu komai. Cikgu Farah da aka kira ta leƙo, ta saurare ni, ta ce, "Ashe akwai wanda ya yi aikin nan da gaske, lah?" (Mutanen nan ba sa rufe magana ba "lah".) Ashe sauran duk hoton kofin shayi suka ɗauka suka tura mata.

Mama ta iso a tasi, takunkumi biyu a fuska, hijabi a baibai. Muna shiga mota ta fara.

"Shekara nawa ina ce miki ki yi bismillah da sallama in za ki shiga gida? Ki faɗo kamar an koro ki. Su masu al'adar taɓawa suke yi su wuce, ke kuma kika kafa zango! Babanki ya baro ɗakin bincike a guje, ya ɗauka sati biyu za a kulle mu."

"Nutsuwa ce, Mama."

"Nutsuwar gidanku."

Na dai koyi cewa in mutum zai nutsu, ya fara duba ko akwai layi a bayansa. Ina cikin wannan tunanin na ga ta ciro waya, ta buɗe guruf ɗin matan 'yan Najeriya, ta danna wurin ɗaukar murya tana gyara zama, har da 'yar dariya.

Na riƙe mata hannu.

"Mama, don girman Allah, in dai sai kin faɗa, ki ce 'yar maƙwabta ce."