Ranar da Na Koyar da Tiki a Challawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Challawa ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta.

Ni ne shugaban direbobi a wani kamfanin lemon kwalba. Ba na wasa da su, ba na cin abinci a gabansu, kuma in na shigo garejin kowa yakan miƙe. Da wannan kwarjinin nake riƙe da su, domin direban babbar mota in ya daina jin tsoronka, to kai ne za ka fara jin tsoronsa. Na daɗe ina roƙon kamfani ya shirya mana bita a kan tuƙi, ana ce mini za a duba.

Akwai wani Bature da ke kula da talla. Yana jin Hausa, amma harshensa ba ya kama wasu haruffa. Ƙofa a wurinsa kofa ce, ƙarfe kuwa karfe. Na saba gyara maganarsa a cikin kaina ba tare da na kunyata shi ba. Ran nan ya tare ni a bakin sito, injina suna ƙara, ya ce, "Malam, Asabar akwai babban taro na tiki. Muna neman mai koyarwa. Ka iya?"

Na ce a raina, tuƙi yake nufi. Allah ya kawo ranar.

"Yallaɓai, ai ka zo wurin mai shi. Tun ina saurayi nake yi."

"Da gaske? Ka iya juyawa?"

"Hagu, dama, har da baya. Shi nake fara koya wa kowa."

Ya riƙe hannuna yana girgizawa, ya ce bai san akwai irina a Kano ba. (Na ji daɗin wannan maganar, kuma ba zan ɓoye ba.) A ranar na tara direbobi na sanar da su cewa halarta dole ce, wanda bai zo ba ya ajiye makullin motarsa. Sale Dogo, wanda ya fi kowa surutu a cikinsu, ya ce, "Oga, za a ba da abinci?" Na ce ilimi za a bayar.

Ran Asabar na sa farin kaftani na isa filin kamfani. Abin da na gani, bari in jera shi yadda ya zo.

Da farko, rumfunan gora da ciyawa, an cika su da dillalanmu da ma'aikata. A rumfar farko wani kafinta daga Bompai yana nuna wa mutane yadda ake sassaƙa gungumen itace ya zama fuska mai manyan haƙora. Na nemi tsarin Allah, sannan na lura an kafa irinsu a jere a bakin fili, na ce ashe alamomin gwajin ribas ne. A rumfa ta biyu ana koyar da haɗa ruwan abarba a cikin ƙoƙon kwakwa, a soka masa 'yar laimar takarda. Na ce wannan na masu jira ne. A ta uku mata suna shirya furanni a zare kamar carbi. Wannan ban samo masa fassara ba, sai na wuce.

Abin da ban gani ba shi ne mota. Ko ɗaya.

Daga baya aka yi mini bayani cewa tiki wani salon ado ne da shagali da Turawa suka aro daga mutanen wasu tsibirai masu nisa, kuma kamfani ya ɗauko shi ne don tallar sabon lemon abarba da kwakwa. Rumfa ta huɗu, wadda aka ba ni, ta rawa ce. Amma wannan bayanin ya zo a makare.

Aka hau da ni dandamali. Wani ma'aikaci ya rataya mini furanni a wuya, wani ya durƙusa ya ɗaura mini bujen ciyawa a kan kaftani. Na so in yi magana, amma ni mutum ne da ba ya son katse tsarin taro, musamman da yake ni na tilasta wa mutane zuwa. Direbobina suna layin gaba, idanunsu a kan ƙuguna. Mai gabatarwa ya faɗi wani abu a lasifika, kiɗa ya danne shi, aka miƙo mini abin magana.

Na yi sallama, na fara darasina kamar yadda na shirya.

"Na farko, ka zauna daidai, ka riƙe da hannu biyu." Na miƙa hannuwa na kama sitiyarin da babu. Jama'a duka suka miƙa nasu.

"Na biyu, ka duba madubin dama, ka duba na hagu." Suka karkata dama, suka karkata hagu, daidai da ganga. Na ce lallai waɗannan ɗalibai ne masu natsuwa.

"Na uku, kafin ka juya, ka ba da hannu." Na fitar da hannu ina kaɗawa sama da ƙasa. Fili ya ɗauka gaba ɗaya. Bature yana tafi yana ɗaukar hoto da waya.

A nan ne Sale Dogo ya ɗaga murya.

"Oga, saura ribas!"

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ta huɗu a tsarina. Na waiwaya ta kan kafaɗa, na riƙe sitiyari da hannu ɗaya, na fara ja da baya a hankali ina murza ƙugu don nuna yadda tirela take bin kai. Ciyawa tana kaɗawa. Sale yana cewa, "Taho, taho, Oga, akwai wuri!" Ni kuwa, da ban taɓa goga motar kamfani a jikin bango ba, na yi ribas cikin teburin ƙoƙunan kwakwa da aka ajiye a bayana. Tebur ya kife, na zauna a cikin ruwan abarba, wata 'yar laima ta maƙale a hulata.

Direbobin da suke miƙewa in na shigo, na gan su kwance a ƙasa. Mai gabatarwa ya ce, "A tafa wa gwanin rawar tiki!" Wannan karon na ji shi sarai, kuma Bahaushe ne, bakinsa lafiya lau.

Na tashi, na kwance bujen, na ninke shi, na mayar wa mai shi. Bature ya biyo ni yana cewa bai taɓa ganin wannan salon ba, wane tsibiri ne? Na ce Kumbotso.

Ran Litinin na shiga gareji a kan lokaci. Suka miƙe kamar kullum, babu wanda ya yi dariya. Na fara faɗa a kan wani da ya fita ba tare da duba madubi ba. Sai na ga dukansu, a tare, sun karkata dama, sun karkata hagu. Tun daga ranar sunana Oga Ribas, har a bakin masu gadi. Tsoron nan kam ya tafi, bai dawo ba. Sai dai dokokin da na yi shekaru ina faɗa ba sa shiga, yanzu ko yaron mota ya haddace su a jere, har da kiɗa.

Abin da na koya ɗaya ne. In Bature ya faɗi kalma, ina sa shi ya maimaita, sannan in tambaye shi ko akwai mota a ciki.